Fitilar da Ba Ta Dawo Ba

Litinin, 6:40 na safe

Likita ya ce tun da na ƙi magana, in riƙa rubutu. Ni da ko wasiƙa sai an rubuta an miƙo mini in sa hannu. To, ga shi na fara.

Yau kwana shida da ruwa ya fashe mana a mahakar zinariya, mataki na shida, ɓangaren gabas. Daga wani tsohon rami ya ɓullo, ramin da ba ya cikin taswirar kowa. Aka rufe ƙofar ruwa, wato ƙofar ƙarfen da ke tare shi kada ya gangara mataki na bakwai, inda mutum talatin da takwas suke aiki. Dukansu sun fito lafiya. Mutum ɗaya bai fito ba, mai kula da famfo. Yana bayan ƙofar har yanzu.

Ni na ce a rufe. Dokata ce tun fil azal, ba a taɓa wannan ƙofa sai da bakina, ko ina wace ƙasa. Ranar ina filin jirgi, ina dawowa daga mahakarmu ta jan ƙarfe. Manaja ya kira, na tambaye shi allon lambobin masu sauka rami, ya ce layin gabas babu lamba ko ɗaya.

Allo ya ce babu kowa.

Talata, 1:15 na rana

Lauya ya zo. Mutum ne mai tsabta, ban taɓa ganin ya yi gumi ba. Ya ce kwamitin bincike zai zauna ranar Alhamis ta makon jibi, kuma a ganinsa maganar a sarari take.

Ga yadda take. Duk mai sauka rami yana da lambar tagulla. In zai sauka ya rataye ta a allo, in ya fito ya cire abarsa. Ashe an daɗe ana yi wa juna kara, in layi ya yi tsawo mutum ya cire tasa ya cire ta abokinsa. Ranar Mai Famfo ya ce wa abokin aikinsa, "Yi gaba, cire mini tawa, ina bayanka." Ya cire. Shi ke nan.

"Saura ɗakin fitila, ranka ya daɗe," in ji Lauya. "Fitila ashirin da biyu suka sauka gabas, ashirin da ɗaya suka dawo. Wanda ya ga haka dole ya sanar. Manaja ya ce ba wanda ya sanar da shi."

Na ce, "Haka ne, ba a sanar da Manaja ba."

Ban yi ƙarya ba. Ya rubuta.

An dakatar da Inna, mai ɗakin fitila. Lauya ya ce in kwamiti ya ɗora mata sakaci, ba kora kawai ba ce, ana iya gurfanar da ita. Ya faɗa yana gyara takardunsa.

Laraba, 7:00 na safe

Famfon banɗaki yana ɗiga. Na sa a kira mai gyara.

Laraba, 5:30 na yamma

Mai gyara ya zo, ya kwance, ya ɗaura, ya ce lafiyarsa lau. Matata ta ce, "Baban Auta, famfon nan ya fi ka lafiya." Ta yi dariya, da ta ga ban yi ba ta tafi ta kawo mini shayi.

Alhamis, 11:00 na safe

Ƙungiyar masu ma'adinai ba ta fasa karrama ni ba a ƙarshen wata. Suna son jawabi a kan yadda na fara. 'Yata Auta ce ke buga mini, ita ce injiniyar gidan, ita kuma zan bar wa komai in na gaji. Ina faɗa tana bugawa.

Na ba ta labarin kwano. Ina ɗan shekara goma sha bakwai ina wanke kuza da kwano a rafi, ƙafata a ruwa daga safe har yamma, fatar yatsuna kamar jiƙaƙƙen burodi. Na ba ta labarin famfona na farko, tsoho ne da na saya a hannun wani, yana tari kamar kakana, sai an lallashe shi yake tashi. Daga nan rami na biyu, daga nan ƙetare, inda na shekara uku ina zaman jira a barandar ofisoshi kafin a ba ni takardar haƙa. Yau mahaka uku a ƙasa uku, mutum dubu biyu da wani abu.

Ta ce, "Baba, ka sa labarin allo. Shi mutane suka fi so."

Ai kuwa suna so. A rami na biyu ƙasa ta taɓa rufta mana, ba mu san mutum nawa ke ciki ba. Kwana biyu muna haƙa da hannu muna neman wani dogo, farcenmu duk ya tsage. Rana ta uku sai ga shi ya taho yana hamma, ashe yana gida wurin amaryarsa. Da ƙyar na ƙwace shi daga hannun mutane. A wannan makon na sa aka buga lambobin tagulla. Shekara ashirin da biyar ina ba da labarin nan ana tuntsira dariya, ina rufewa da cewa mutum yana mantuwa, allo ba ya yi.

Na ce mata a bari sai gobe.

Juma'a, 4:20 na yamma

Lauya ya dawo da takardar kiran wayata. Ya ɗora yatsa a wani layi.

"Wannan lambar Inna ce. Minti uku kafin a rufe ƙofa. Sakan arba'in da ɗaya."

Na dubi layin da yatsansa ke kai.

"Ai ta saba kiranka ku gaisa, ko ba haka ba? Kuma filin jirgi, hayaniya, layi ba kyau. Wa zai ce ka ji abin da aka faɗa?"

Na ce lalle akwai hayaniya.

Akwai kuwa. Ana ta kiran fasinjoji.

Asabar, 8:00 na safe

Allo ya ce babu kowa.

Lahadi, 6:10 na yamma

Baƙi sun cika falo, masu jaje. Kowa maganarsa ɗaya, Allah ya sa ka yi saurin yanke shawara, da talatin da takwas ɗin nan sun tafi. Wani tsohon abokina har da rungume ni, ya ce da shi ne da hannunsa ya yi rawa.

Ina zaune ina ƙirga ƙwayayen fitilar da ke silin. Goma sha biyu ne, ɗaya ta mutu. Ban san tun yaushe ba. Na sake ƙirgawa sau uku, har matata ta taɓa mini gwiwa ta ce ana yi mini sallama.

Litinin, 2:00 na rana

Na je mahaka, karo na farko.

Injuna na ta zuƙe ruwa. Manaja ya ce ko ba a samu matsala ba sai an yi wata guda kafin a iya buɗe ƙofar. Ya tsufa a kwana goma sha uku.

Na shiga ɗakin fitila. Warin nan na roba da gumi yana nan. Kowace fitila na da gurbinta a kanta, in an mayar da ita ɗan haske kore ya kama. Layin gabas, na biyu daga ƙasa, gurbi ɗaya duhu. Matar da aka sa a madadin Inna ta tambaye ni ko a sa sabuwa a wurin. Na ce a bari.

A bakin ƙofa na ga wanda ya cire lambar. Ba a kore shi ba, amma ba ya iya sauka. Yana zuwa kullum ya zauna a benci. An ce ranar da abin ya faru, tun kafin wani ya tambaya, ya tsaya a tsakiyar fili ya ɗaga lambobi biyu a hannu yana cewa ni ne, ni na cire. Da ya gan ni ya miƙe ya durƙusa.

"Maigida, ka yafe mini, na ɓata maka allo."

Na dafa kafaɗarsa na ce ya tashi. Hannuna sanyi ƙalau, na san ya ji.

Akwai wata mata zaune a gindin katanga da jaka a cinya. Direba ya ce matar Mai Famfo ce, kullum tana nan daga safe har a tashi. Na ce ya ja mota.

Talata, 9:30 na safe

Na tambayi Manaja a waya, daga ɗakin famfo zuwa ƙofar ruwa tafiyar minti nawa ce.

Ya ce bakwai, in mutum yana sauri.

Na ce da an jira fa?

Ya ce, "Ranka ya daɗe, da an kai minti goma ruwa ya haye dokin ƙofa, ba za ta rufu ba. Tsakanin bakwai da goma kuwa, Allah kaɗai ya sani. Amma me ya kawo jira? Ai ba mu san da kowa a ciki ba."

Na ce haka ne.

Talata, 5:45 na yamma

Na auna minti bakwai a lambu da agogo. Daga ƙofar kicin zuwa get sau biyar da rabi ne. Ba shi da yawa. Yana da yawa.

Laraba, 5:45 na yamma

Sau biyar da rabi.

Alhamis, 12:30 na rana

Na je gidan Inna. Ban gaya wa Lauya ba.

Shekara ashirin da shida muna tare. Shayi take sayarwa a bakin ramina na biyu. Abin da ya sa na ɗauke ta, ba a taɓa tafiya mata da kofi ta rasa wanda ya ɗauka ba. Mutum ɗari su sha su watse, ta dubi tire sau ɗaya ta ce saura biyu, ɗaya na wurin wane. Na ce wadda ta iya tsare kofi za ta iya tsare fitila. Lambar wayata ta kaina mutum biyar ke da ita a mahakar nan, Inna ce ta farko.

Na same ta a tsakar gida tana shanya. Ta shimfiɗa mini tabarma kamar ba abin da ya faru.

"Maigida, ka rame."

"Ke ma, Inna."

"Ni ai tsufa ne. Kai kuwa ba ka da hujja."

Muka yi 'yar dariya. Ta kawo shayi, har yanzu tana cika sukari. Na tambaye ta ko 'yan kwamiti sun zo, ta ce sun aiko mutum biyu da takarda.

"Me kika ce musu?"

"Na ce Maigida zai yi magana."

Ta faɗa ne kamar mai cewa gobe Juma'a. Ba ta dube ni ba, tana ninke zane.

Na ce mata kada ta damu da komai, ko me ya faru gidanta ba zai rasa abinci ba, jikokinta ba za su bar makaranta ba. Ta ajiye zanen.

"Ban tambaye ka abinci ba," in ji ta. "Shekara ashirin da shida ban taɓa ɓatar da fitila ban faɗa ba. Abin da nake da shi ke nan. Shanye, kada ya huce."

Na shanye. Kunya ta hana ni tashi, ta kuma hana ni zama.

Juma'a, 7:15 na safe

Ban iya aske gemu ba, ƙarar ruwa a kwano.

Asabar, 3:00 na rana

Mun koma kan jawabi ni da Auta. Na kai inda na sayi mahakar nan ta zinariya, lokacin da kowa ya ce ta mutu. Na ce mata ta rubuta cewa sirrin sana'ar nan shi ne yanke shawara da wuri, mai jinkiri ba ya haƙa. Yatsunta suka tsaya.

"In rubuta haka?"

"Rubuta mana."

Ta rubuta. Tun tana ƙarama in ta yi fushi ba ta magana, sai ta yi abin da aka ce mata daidai-wa-daida, ba ƙari ba ragi. Uwarta ta biyo.

Lahadi, 10:00 na safe

Talatin da takwas. Ina maimaitawa. Talatin da takwas suna gidajensu, suna faɗa da matansu, suna neman takalmin yara. Ko yau aka mayar da ni wurin, wataƙila abin da zan ce ke nan, a rufe. Ba wannan ne ke hana ni sakat ba.

Litinin, 4:00 na yamma

Lauya ya kawo bayanina a buge, shafi biyu. Sakin layi na huɗu ya ce na karɓi kira daga wata ma'aikaciya, amma saboda hayaniya ban fahimci abin da ta ce ba. Ya ce da wannan ni na fita, ita ma abin zai yi mata sauƙi, za a ce ta yi ƙoƙari amma ba ta bi hanyar da ta dace ba.

"Sauƙi kamar yaya?"

"Kora dai babu makawa. Kotu kuwa, sai mu gani."

Ya ce in kuma aka ji wani abu dabam, takardunmu na haƙa a ƙasashen nan uku duk za su shiga tambaya, kuma ba Inna za a gurfanar ba. Ya bar mini biro a kan takardar.

Talata, 6:30 na safe

Ban sa hannu ba. Ban kuma yaga ba.

Laraba, 5:00 na yamma

Zan rubuta shi sau ɗaya, yadda yake.

Auta ta shigo ofishina na gida ta rufe ƙofa. Ta ɗauki bayanin ta karanta a tsaye, ta ajiye.

"Baba, ranar ina kujerar da ke kusa da kai."

Na ce ai ta tafi sayen ruwa.

"Na dawo. Inna ba ta iya magana a hankali a waya ba, kai ma ka sani. Ta ce, Maigida, fitila ɗaya ta gabas ba ta dawo ba. Ka ce, allo me ya ce? Ta ce allo ya ce babu kowa, amma fitila ba ta dawo ba. Ka ce, allo nake bi. Ka kashe, ka mayar wa Manaja kira."

Haka aka yi. Ba ta ƙara ko kalma ba, ba ta rage ba. Na ji sarai. Kowace kalma na ji. Ban gaya wa Manaja ba don na san in ya ji zai ce a jira, ni kuma ba na son a ce da ni a jira.

Na ce, "Kwana ashirin da biyu kin sani kina buga mini jawabi?"

"Ina jiranka ne. Inna ma jiranka take." Ta ɗora hannu a kan takardar. "Ba na cewa ka yi kuskure da ka rufe, Baba. Ban sani ba, wallahi ban sani ba, na yi lissafin ruwan sau ba adadi. Amma ba za a kai tsohuwar nan kotu ina kallo ba. Gobe ƙarfe tara zan shiga. In ka riga ni magana, zan zauna a bayanka."

"In ban yi ba fa?"

"Sai in yi."

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Na ce mata duk abin da za ta rushe nata ne, don ita na gina. Ta ce ta sani. Ta ɗauke kofin da na sha shayi ta fita da shi.

Alhamis, 7:50 na safe

Matata ta goge mini farar riga. Ba ta tambaye ni komai ba, ta dai gyara mini wuya sau biyu.

Alhamis, 3:40 na yamma

Ɗaki ne ƙarami, tebur dogo, mutum biyar, fanka tana juyi tana ƙara. Inna na gefe da mayafinta na fita unguwa, hannuwanta a cinya. Lauya ya tura mini takardar. Na mayar masa.

Na ce an kira ni, na ji, na gane, na zaɓi allo. Na ce ɗakin fitila ya yi aikinsa minti uku kafin a rufe ƙofa, kuma ni ne ban isar ba. Bai kai minti biyu ba duka. Shekara arba'in da uku ina sana'a, ban taɓa sanin abu zai ƙare da sauri haka ba. Shugaban kwamiti ya cire tabarau ya ce in maimaita a hankali don mai rubutu. Na maimaita. Na ji hannun Auta a bayan kujerata. Lauya ya yi gumi.

Sun ce Inna tana iya tafiya. Ni kuma kada in bar gari.

A baranda Inna ta wuce ni, ta ce, "Ka daɗe, Maigida." Iyakarta ke nan. Ta tambayi Manaja ko Litinin za ta koma ko gobe.

Na ɗauka an gama. Har na ji wani sauƙi a ƙirjina, Allah ya yafe mini.

A ƙasan matakala matar Mai Famfo tana tsaye da jakarta. Ashe tana ciki, a kujerar baya. Ƙarama ce, ba ta kai Auta ba. Ta gaishe ni da ladabi, har da rusunawa.

"Baba, na ji abin da ka faɗa. Ba faɗa na zo yi ba. Mutanen da suka fito, akwai ƙanena a ciki."

Ta ci gaba:

"Abu ɗaya nake so in sani, don in yaransa sun girma sun tambaye ni. Kullum yana cewa ka san shi, wai ka taɓa tsayawa ka yaba masa famfo. Da Inna ta ce maka fitila ɗaya ba ta dawo ba, ka san tasa ce? Ka san shi ne, ka auna, ka ga ba yadda za ka yi?"

Tana so in ce e. Na gani a idonta. Tana so a ce an ɗora mijinta a sikeli, ko da bai rinjaya ba.

Na ce, "'Yata, ban tambayi ta wa ce ba."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta gyara jakarta a kafaɗa, ta ce, "To," ta nufi tashar mota.